Kukan da ake jiyowa daga bayan kwari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwa maza da mata.

Kwanakin baya aka ƙwanƙwasa mana ƙofa wajen ƙarfe biyun dare. Na tashi cikin magagin barci ina lalubar takalmi, zuciyata na bugawa. Abu biyu ne suka faɗo mini a rai: ko ɓarayi ne, ko wani ne ba lafiya. Ashe maƙwabcina ne, zazzaɓi ya rufe yaronsa, yana neman a taimaka a kai shi asibiti. Sai da muka dawo na kwanta, sannan wani tunani ya hana ni runtsawa. A cikin duk abin da na ji tsoro a daren nan, ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa hukuma ce ta aiko a tafi da ni saboda wata magana da na faɗa ko na rubuta. Alhali akwai miliyoyin bayin Allah a doron ƙasa waɗanda wannan shi ne abu na farko da ke faɗo musu in an taɓa ƙofa da dare. Akwai gidajen da uba ke rage murya in zai ambaci sunan shugaban ƙasa a tsakar ɗakinsa, yana waiwaye, don bai san abin da yaro zai je ya maimaita a makaranta ba. Na san ma a cikin masu karanta wannan rubutu akwai waɗanda wannan ce rayuwarsu. Allah Ya kawo muku mafita. Maganata a yau da sauranmu nake yi, mu da muka kwana muka tashi a sake.

'Yanci irin lafiya ne, mai shi ba ya jin sa a jikinsa. Ka fita ba ka nemi izinin kowa ba. Ka je masallacin da ka ga dama, ka raɗa wa ɗanka sunan da kake so, ka ce farashi ya yi tsada ko shugaba ya yi kuskure, ka koma gida ka yi barci. Wa ya taɓa yin sujudar godiya a kan wannan? Muna gode wa Allah a kan abinci da sutura, kuma ya dace, amma da wuya ka ji mutum ya ce alhamdu lillahi da na kwana ba a ɗaure ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya lissafa abin da in mutum ya wayi gari da shi kamar an tattara masa duniya ne, da aminci ya fara, kafin lafiyar jiki, kafin abincin yini. Tirmizi ya ruwaito hadisin. To kowace ni'ima da irin godiyarta. Godiyar dukiya ciyarwa, godiyar ilimi karantarwa. Wanda Allah Ya bar wa bakinsa da ƙafarsa a sake, godiyarsa ita ce ya yi amfani da su saboda wanda aka toshe wa baki aka ɗaure wa ƙafa.

Akwai wani labari a cikin tarihin Manzon Allah da muke yawan wucewa da sauri, ni kuwa ina ganin da mu yake magana. A shekara ta 7 da aiko shi, Ƙuraishawa suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba: ba ciniki da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, ba auratayya, ba cuɗanya, har sai sun miƙa Annabi. Aka tsare su a kwarin Abu Ɗalib, Musulminsu da waɗanda ba su musulunta ba, ban da Abu Lahab da ya bi Ƙuraishawa. Kimanin shekara 3 ana cikin wannan hali. Sun ci ganyen itace, sun ci busasshiyar fata. Masu tarihi suka ce ana jiyo kukan yara saboda yunwa daga bayan kwarin.

Ku tsaya a kan wannan jumla ta ƙarshe. Ana jiyo kukan. Wato mutanen Makka suna zaune a gidajensu, suna cin abincin dare, iska na kawo musu muryar yaran. Ba su jahilci abin da ke faruwa ba. Yawancinsu ba su suka rubuta takardar ba, wataƙila da yawa ma ba sa so, amma sun ji sun yi shiru, sun ce ba da mu aka ƙulla ba. Mu in muna karanta wannan tarihi, mukan ɗauki kanmu a matsayin waɗanda ke cikin kwarin. Gaskiyar magana, yawancinmu a waje muke. Mu ne masu jiyo kukan, sai dai namu ta waya yake iso mana, da hoto da murya, kullum safiya.

A cikin mutanen wajen nan akwai wani mai suna Hishamu ɗan Amru. In dare ya raba sai ya labta wa raƙumi abinci, ya ja shi har bakin kwarin, ya zare masa akala, ya buge shi a kwiɓi, raƙumin ya shige ciki shi kaɗai. Ka hango mutumin nan a cikin duhu, yana waige-waige, yana sauraren takun raƙumi har ya ɓace, sannan ya juya gida kamar bai yi komai ba. Ba shi da runduna, ba shi da ikon yaga takarda. Raƙumi ɗaya yake da shi da dare ɗaya, sai ya yi da abin da yake da shi.

Amma bai tsaya nan ba. Ya tafi wurin Zuhairu ɗan Abu Umayya, wanda mahaifiyarsa 'yar Abdul Muɗɗalib ce, ya ce masa ka yarda ka ci ka sha ka sa sutura, kawunnanka na cikin halin da ka sani? Zuhairu ya ba shi amsar da kowannenmu ke bayarwa: ni kaɗai me zan iya? Da da na biyu da na tashi. Hishamu ya ce ka samu na biyu, ga ni. Zuhairu ya ce nemo na uku. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Muɗ'imu ɗan Adiyyu, Abul Bakhtari, Zam'atu ɗan Aswad, kowa na cewa nemo wani, har suka cika biyar. Suka haɗu da dare suka shirya. Da safe Zuhairu ya yi ɗawafi, ya fuskanci jama'a ya ce ba zai zauna ba sai an yaga wannan takarda ta zalunci da yanke zumunci. Abu Jahal ya taso, sauran huɗun suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna gaskata Zuhairu, har Abu Jahal ya ce wannan abu da dare aka ƙulla shi. Da Muɗ'imu ya je yaga takardar, sai aka tarar gara ta riga ta cinye ta, ba abin da ya rage sai sunan Allah.

A lokacin nan babu Musulmi ko ɗaya cikin mutum biyar ɗin. Ba su yarda da addinin waɗanda ke cikin kwarin ba, amma ba su jira sai sun yarda ba kafin su ce wannan zalunci ne. Annabi kuwa bai manta ba. Bayan yaƙin Badar, da aka kama fursunoni, ya ce da Muɗ'imu ɗan Adiyyu na raye ya yi masa magana a kansu, da ya sake masa su. Bukhari ya ruwaito. Mutumin da ya mutu bai musulunta ba, ga matsayin da tsayawa da waɗanda aka zalunta ya ba shi a bakin Manzon Allah. To mu da muke karanta hadisin da Allah Yake cewa Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya sanya shi haramtacce a tsakaninmu, ina uzurinmu?

Masu irin halin Hishamu ba su ƙare ba. A 1984, a birnin Dublin na ƙasar Ailan, wata budurwa 'yar shekara 21 mai suna Mary Manning, mai karɓar kuɗi a wani babban kanti, ta ƙi sayar da 'ya'yan itacen da aka kawo daga Afirka ta Kudu, bisa umarnin ƙungiyarsu ta ƙwadago, saboda mulkin wariyar launin fata. Aka dakatar da ita. Abokan aikinta 'yan ƙalilan suka fito tare da ita, suka yi kusan shekara 3 suna tsaye a ƙofar kantin, cikin sanyi da ruwan sama, ba albashi, har gwamnatin ƙasarsu ta hana shigo da irin waɗannan kaya a 1987. Ba ta taɓa taka Afirka ta Kudu ba kafin ta ƙi sayar da kayan nan, ba launinta ba ne, ba danginta ba ne. A can kuwa, a wancan lokaci, baƙar fata ba ya shiga unguwannin Turawa sai da takardar izini a aljihu, kuma a ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville saboda sun fito ƙin wannan takarda, da yawansu ta baya harsashi ya same su suna gudu. Nelson Mandela ya yi shekara 27 a ɗaure. Da ya fito a 1990 ya je Dublin, ya gana da ma'aikatan nan. Wanda ke cikin kurkuku yana ƙidaya waɗanda ba su manta da shi ba.

Haka kuma Gambiya, ƙasa ƙarama, mai nisan dubban mil daga Myanmar, ita ce ta kai ƙarar gwamnatin Myanmar Kotun Duniya a watan Nuwamban 2019 saboda 'yan Rohingya, mutanen da dokar 1982 ta raba su da zama 'yan ƙasa a inda aka haife su, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere Bangaladesh daga Agustan 2017. Manyan ƙasashe na nan, masu kuɗi da makamai. Ƙaramar ce ta ja raƙumin.

Duk mulkin danniya, ko a wane zamani, hanyarsa ɗaya ce, kuma Alƙur'ani ya zana mana ita a jikin Fir'auna. Ya raba mutanen ƙasa ƙungiya-ƙungiya yana raunana wani ɓangare, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ƙasas. Ya ce musu ba na nuna muku sai abin da nake gani. Ya ce wa Annabi Musa in ka riƙi wani abin bauta ba ni ba, sai na sa ka cikin ɗaurarru. Rarraba kai, ra'ayi ɗaya, sai gidan yari. Kuma abin da ya fi yi wa mutane illa shi ne yadda yake kashe amana a tsakaninsu. A Jamus ta Gabas, bayan katangar Berlin ta faɗi a 1989 aka buɗe takardun 'yan sandan ciki, mutane suka je suka karanta abin da aka rubuta a kansu, wasu suka tarar aminansu ne ke kai rahotonsu, wata ta tarar mijinta ne. Azzalumi yana so kowa ya zauna shi kaɗai da tsoronsa, ya yarda cewa ba wanda ya san da shi, ba wanda ya damu. Shi ya sa kalma ɗaya daga waje take da nauyin da mu ba ma gani.

Kun ga abin da ya faru a Siriya ranar 8 ga Disamba 2024, da mulkin gidan Assad ya faɗi bayan fiye da shekara 50. Kafin a gama murna a titi, dubban mutane sun nufi kurkukun Saidnaya a arewacin Dimashƙa. Na kalli hotunan har na kasa ci gaba. Tsofaffi suna durƙushe a ƙasa suna jujjuya takardun da suka warwatse, suna haska su da fitilar waya, ko za su ga sunan ɗa ko ƙane. Wasu na buga bango suna kasa kunne ko akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ƙiyasta tun 2017 cewa an rataye tsakanin mutum 5,000 zuwa 13,000 a wannan gida daga 2011 zuwa 2015. Shekarun nan duk muna raye, muna da waya, muna sallah biyar. Sau nawa muka ambace su?

Uwa kuwa iri ɗaya ce ko'ina. A Ajantina, a zamanin mulkin soja na 1976 zuwa 1983, ana ɗauke matasa su ɓace ba labari. A ranar 30 ga Afrilu 1977 mata 14 suka taru a dandalin da ke gaban fadar gwamnati suna tambayar ina 'ya'yansu. An hana taro, 'yan sanda suka ce su yi ta tafiya, sai suka kama hannun juna bibbiyu suna zagaya dandalin. Daga baya suka riƙa ɗaura farin ƙyallen jarirai a ka, alamar yaran da suka goya. Kafin shekarar ta ƙare an sace wasu daga cikin jagororinsu an kashe. Sauran suka ci gaba da fitowa duk ranar Alhamis, shekara da shekaru. Waɗannan mata ba Musulmi ba ne. Amma lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman ya ce masa ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin babu shamaki tsakaninta da Allah, wurin Ma'abota Littafi ya aike shi, kuma bai ce wanda aka zalunta Musulmi kawai ba.

A nan ne nake so mu binciki kanmu, ni da ku. Tausayinmu yana da zaɓe. In azzalumin maƙiyinmu ne, muryarmu har sama. In kuwa wanda muke so ne, ko yana faɗin abin da ke mana daɗi a kan wata ƙasa da muke ƙi, ko yana gina masallatai, ko ya iya jawabi, sai mu fara nema masa uzuri: ai ƙasa sai da ƙarfi, ai waɗanda ya kama 'yan tada zaune tsaye ne. Muna kuka saboda yaran Gaza, kuma wallahi sun cancanci kukan da ya fi haka. Amma wanda hawayensa ya zuba saboda Gaza ya bushe a kan 'yan Uigur, Musulmin ƙasar Sin, ko a kan malamin da aka ɗaure shekaru ba shari'a a wata ƙasar Musulmi, ko a kan Kiristan da aka hana shi ibadarsa, to ya tambayi zuciyarsa: zalunci take ƙi, ko wasu mutane take ƙi? Allah Ya ce a Suratu Hudu kada ku karkata zuwa ga waɗanda suka yi zalunci, sai wuta ta shafe ku. Karkata kawai aka ambata, ba a kai ga taimako ba. Yabon azzalumi a Facebook karkata ne. Yi wa wanda aka kama dariya karkata ne. Kuma a Suratul Ƙasas, da Allah Ya ambaci masu laifi, Fir'auna da Hamana Ya ce, da rundunoninsu. Mai riƙe mabuɗi da mai tafi duk an lissafa da su.

Wani kuskuren kuma shi ne haɗa talakawa da masu mulkinsu. Sai ka ji an zagi al'umma sukutum saboda abin da gwamnatinsu ta aikata, alhali su ne farkon waɗanda take takawa. A gidan Fir'auna kansa akwai Asiya, akwai mumini mai ɓoye imaninsa da ya miƙe ya ce za ku kashe mutum don ya ce Ubangijina Allah? Kuma in ka ga mutanen wata ƙasa sun yi shiru, kada ka ce matsorata ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ammaru ɗan Yasir, wanda aka kashe iyayensa a kan imani, da azaba ta yi tsanani ya faɗi abin da suke so, ya zo yana kuka, Annabi bai zarge shi ba. Kai da kake kwance a kan katifarka ba ka da bakin ce wa wani me ya sa bai fito titi ba.

Ba kira nake yi ga fitina ko zubar da jini ba, kada a juya mini magana. Mutum biyar ɗin nan ba su zare takobi ba. Abinci suka kai, mutane suka nema, gaskiya suka faɗa a bainar jama'a. Annabi ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda ake taimakon azzalumi ya ce ka hana shi zalunci. Ya kuma ce kalmar gaskiya a gaban shugaba azzalumi tana cikin mafificin jihadi. Raƙuminka zai iya zama ɗan abin da ka tura ta amintacciyar hanya ga 'yan gudun hijira. Zai iya zama baƙon da ya gudo daga ƙasarsa ka tarbe shi da fuska, ka tuna sahabbai ma sun taɓa zama baƙi a Habasha, wurin sarkin da Annabi ya ce ba a zaluntar kowa a gabansa, kuma wannan sarki, Najjashi, ya ƙi miƙa su duk da kyaututtukan da Ƙuraishawa suka kawo. Zai iya zama labari na gaskiya da ka yaɗa. Na ce na gaskiya, domin tsohon hoto ko na bogi da ka tura cikin zafin zuciya kyauta ce ka ba azzalumi, gobe zai ɗaga shi ya ce kun gani, duk ƙarya ce. Ka bincika kafin ka tura. In kuma kana da wani a irin waɗannan ƙasashe, kada ka wallafa sunansa ko maganar da ya faɗa maka a asirce. Kai za ka samu masu yabo, shi za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Sannan mu duba gidajenmu. Mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa fa. Ina ga mai aikin da ka riƙe wa haƙƙi don ka san ba shi da inda zai kai ka, ko matar da ba ta isa ta buɗe baki a gabanka ba, ko na ƙasa da kai a wurin aiki da ke rawar jiki in ya ji takunka? Masu tarihi sun kawo cewa da ɗan Amru ɗan Asi, gwamnan Masar, ya doki wani Bamisire, Sayyidina Umar ya kira su Madina, ya ba mutumin bulala ya rama, ya ce tun yaushe kuka bautar da mutane alhali uwayensu sun haife su 'ya'ya? Wannan tambaya ba ta sarakuna kaɗai ba ce.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku shi ne addu'a, amma irin wadda Annabi ya yi. Bayan hijira akwai waɗanda aka tsare a Makka aka hana su fitowa. Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan ɗago daga ruku'u a raka'ar ƙarshe ya ce: ya Allah Ka tserar da Walidu ɗan Walidu, Ka tserar da Salamatu ɗan Hishamu, Ka tserar da Ayyashu ɗan Abu Rabi'a, Ka tserar da raunanan muminai. Da sunayensu, a cikin sallah, sahabbai na bayansa suna ji. Ya san su waye, ya san inda suke, ya sa al'umma ta riƙe sunayen. Kai ma nemi suna ɗaya, ko gari ɗaya, ko kurkuku ɗaya, ka san labarinsa sosai, ka shigar da shi sujudarka a daren nan.

Ya Allah, Kai Ka san ɗakunan da rana ba ta shiga, Ka san wanda ke ciki da abin da ake yi masa. Ka sanyaya masa zuciya, Ka buɗe masa ƙofa. Ya Allah, uwar da ke ajiye wa ɗanta tufafinsa shekaru ba ta san ko yana raye ba, Ka kawo mata labari. Ka tsare waɗanda suka faɗi gaskiya aka bi su, Ka ba waɗanda suka bar gidajensu masauki, Ka riƙe hannun masu duka, Ka shiryi wanda zai shiryu a cikin masu mulki, Ka isar wa bayinKa daga wanda ba zai shiryu ba. Ka yafe mana dararen da muka jiyo kukan muka juya muka ci gaba da barci. Amin.